Kwabon da Baba Ya Goge

Babanmu ba ya shiri da datti a jikin jan ƙarfe. A jikin mutum yana iya kau da kai, don shi kansa rigar aikinsa in aka jingine ta da bango tsayawa za ta yi da ƙafarta saboda maiƙo. Amma ya hango kore-kore ko baƙi-baƙi a kan jan ƙarfe, to babu zaman lafiya a wurin sai ya ga bayansa.

Sana'a ce ta mayar da shi haka. Gyaran fanka yake yi da injin jan ruwa, a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Idan fanka ta ƙone, shi zai buɗe cikinta, ya zare tsohuwar wayar da ta babbake, ya naɗa sabuwa sili-sili, leɓɓansa na motsi. Kafin ya haɗa bakin waya da waya kuwa, sai ya kankare su sun yi ja wur. "Inda kika ga kore, Uwata, nan wuta za ta tsaya," haka yake ce min tun ina ƙarama. Uwata yake kira na saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, ko da yake girman sunan bai taɓa hana shi aike na cikin tsakar rana ba.

Abu ɗaya kowa ya shaide shi da shi a layinmu: ba ya ha'inci. Akwai masu gyaran da ke naɗa wata waya mai arha, fara ce a ciki an shafa mata launin jan ƙarfe a waje, ba a daɗewa fankar ta sake ƙonewa. Baba ko da wasa. Yakan karya wayarsa a gaban mai kaya ya nuna masa cikinta. Kuma ba ya mayar da aiki da ƙazanta. Ka kawo masa fanka don ta daina juyawa, za ka tarar ya wanke fukafukanta, ya goge ragarta, har maɓallin ya bi da tsinke. A wurinsa, miƙa wa mutum abu da datti rashin mutunci ne.

Tarin kwabbansa ya samo asali ne daga masu sayen tsoffin ƙarafa, waɗanda ke zuwa da buhu su kwashi ƙonanniyar waya. Wata rana, tun ban yi wayo ba, ɗayansu ya zazzage buhunsa a ƙofar shago yana neman wani abu, sai ga wani tsohon kwabo ya gangaro har gaban takalmin Baba, baƙi ƙirin, ba a ganin komai a jikinsa. Baba ya ɗauka, ya ɗiga masa lemun tsami, ya murza da babban yatsa. Sai ga jirgin ruwa ya fito da filafilansa. Mama ta ce ranar ko abinci bai kalla ba, kuma tun daga nan ta san lemun tsaminta ya shiga uku.

Haka ya yi ta tarawa shekara da shekaru. Akwai mai huda a tsakiya, akwai mai kan wani tsoho mai gemu, akwai mai tsuntsu, akwai mai rubutun da har yau ba mu sami mai karanta shi ba. Duk ranar hutu da safe zai shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar gida, ya jera lemun tsami da toka da gishiri da wani buroshin haƙori da ya gama aikinsa a baki, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya daga gwangwanin biskit. Ko wanda ya goge makon jiya sai ya sake bi. In ya gama, sai ya shanya su a rana su yi ta ƙyalli, shi kuma ya harɗe hannu yana kallon su. Mama kan ce da fuskokinmu yake wankewa haka da tuni mun zama abin kallo a gari.

A hankali sai ya zama shi ne masanin kwabo na unguwa. Duk wanda ya tsinci wani tsohon kuɗi a akwatin kakarsa, wurin Baba zai kawo. Shi kuma zai ɗora shi a tafin hannu ya ji nauyinsa, ya sake shi a kan siminti ya karkata kai yana sauraron ƙararsa, sannan ya yanke hukunci.

"Wannan tsoho ne."

"To, Baba, zai yi daraja?"

"Zai yi."

Iyakar ƙimantawar ke nan, kuma ba wanda ya taɓa neman ƙari. Kafin mutum ya tafi an goge masa abinsa kyauta, ya koma gida yana murna.

Bango ɗaya ne tsakanin shagon Baba da na Baba Tela. Tun suna samari suke tare, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba. Baba Tela na kiran Baba "Injiniya", da wata irin murya da ke nuna injiniyan da bai taɓa ganin ƙofar aji ba. Baba kuma na kiransa mai ɓata wa mutane yadi. Da wannan suke gaisawa, da shi suke sallama. Ranar da aka kwantar da Mama a asibiti, Baba Tela ne ya rufe shago ya zauna da Baba a kan benci har aka sallame ta, yana zaginsa a kan ya cika raki.

Da tsufa ya zo, ta ido ya shigo wa Baba Tela. Yanar ido ta fara rufe masa idanu, ɗaya ya yi fari, ɗayan ma ya kama hanya. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, a cire yanar ya koma gani, amma kuɗin ba na tela mai facin wando ba ne. Aka so a haɗa masa a layi, ya ce duk wanda ya kawo masa taimako sai ya ɗinke masa baki. Ɗinkin kansa yana iya yi da lalube, don hannunsa ya san hanya, amma zura zare a allura ya gagara. Sai ya zama kullum da safe Baba ne zai leƙa ya zura masa na keken ɗinki, ya zura na hannu guda-guda ya soke su a jikin labule, ya fita yana cewa ya gaji da bautar makafi.

Wata safiya ina shagon na kawo wa Baba saƙon Mama, sai Baba Tela ya ce mu matso. Ya jawo aljihun kekensa, ya laluba can ƙarƙashin maɓallai da guntayen alli, ya fito da wani ƙullin tsumma. A ciki akwai kwabo guda, babba, mai kauri, launinsa kamar na shayin da ya sha wuta, gefensa da ɗan kore.

"Na tsohuwata ne," in ji shi. "Ita ma a wurin tata tsohuwar ta same shi. Ban taɓa nuna maka ba, Injiniya, don na san halinka, da ka hana ni barci da roƙo. Duba min, ko zai yi wani abu a maganar idon nan."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Bai sake shi a siminti ba. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Ni ce na kawo shawarar a tambayi masu abin. Wata abokiyar aikina ta san wani shago a tsakiyar gari inda ake saye da sayar da tsoffin kuɗi da kayan da. Na ɗauki hoton kwabon gaba da baya da wayata na tura. Ban ko mayar da wayar jaka ba mai shagon ta kira. Mace ce, muryarta a natse, amma na ji tana haɗiye ɗoki. Ta tambayi inda muka same shi, ta ce don Allah mu kawo ta gani da idonta, kada mu kai wa kowa kafin ita.

Baba Tela ya yi dariya har da buga keke. "Kai za ka je, Injiniya. Ni in na je ko kuɗin jabu aka ba ni godiya zan yi. Kai ka san jan ƙarfe." Ya ƙulle tsumman ya danƙa wa Baba a hannu.

Ranar tafiya na zo ɗaukar Baba na same shi ya sha wanka, ya sa rigar da ba ya sawa sai da dalili. Ya riƙe ƙullin tsumman a hannu ɗaya, gwangwanin biskit ɗinsa a ɗaya, wai tunda za a je wurin masu ilimi bari su ga nasa ma. Na ji ƙamshin lemun tsami a hannunsa, amma hannun Baba kullum haka yake, ban kawo komai a raina ba.

Shagon a saman bene yake, shiru, da sanyi, an jera akwatunan gilashi a jikin bango. Kowane kwabo yana cikin 'yar takardarsa mai taga, an kwantar da shi a kan ƙyalle mai laushi. Kuma dukkansu baƙaƙe ne. Wasu ruwan ƙasa, wasu har da kore a lungunan rubutu. Baba ya bi su da kallo, ya taɓe baki, ya sunkuyo kunnena.

"Uwata, matar nan ƙazama ce. Dubi dukiya ta bar ta tana ruɓewa."

Baba bai iya raɗa ba, shekarun zama kusa da injina sun cinye masa wannan. Mai shagon ta ji sarai, ta yi murmushi kawai. Dattijuwa ce mai tabarau, ta ba mu kujeru, ta gaida Baba da girmamawa. Shi kuma don ya gyara, sai ya ƙara ɓatawa.

"Hajiya, ba don na raina aikinki ba. Amma lemun tsami da toka kaɗan, wallahi sai kin kasa gane kayan nan."

Na ga murmushin ya tsaya a fuskarta. Ta kalli ƙullin da ke hannunsa. Ta sa safar hannu fara, ta shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ta ce a hankali, "Bismillah, Baba, mu gani."

Ya kwance tsumman yana kallon fuskarta, yana jiran yabo. Kwabon ya fito ja wur, yana walƙiya a ƙarƙashin fitila kamar gindin sabuwar tukunya.

Ba ta taɓa shi ba. Ta ɗauki wayarta ta buɗe hoton da na tura mata, ta ajiye a gefensa, ta dubi wannan ta dubi wancan. Sannan ta cire tabaraunta ta dafe goshi.

"Yaushe aka yi masa haka?"

"Yau da safe," in ji Baba, muryarsa ta fara sauka. "Ai ba na kawo miki abu da datti ba. Kayan mutane ne."

Da ta yi masa faɗa da ya fi sauƙi. Ni kaina da na sami abin yi, don bakina ba ya ciwo in aka taɓa Baba. Amma matar nan lallashi ta shiga yi. Ta ce abin da ya kira datti ba datti ba ne, riga ce da shekaru suka saka wa ƙarfen, kuma ita masu tara irin waɗannan kuɗi suke nema, don ita ce shaidar cewa ba wanda ya taɓa shi. Ta ɗauko gilashi mai ƙara girman abu ta miƙa masa. Ta nuna masa ƙananan zane-zanen da toka da buroshi suka bari, birjik a fuskar kwabon. Ta nuna masa a hoto wata 'yar alama ƙarƙashin rubutun, wadda ta ce ita ta bambanta shi da dubban 'yan'uwansa. Ta ce ya nemo ta a jikin kwabon. Baba ya duba, ya sake dubawa. Inuwarta kawai ta rage.

Ni ce na yi tambayar, don na ga shi ba zai iya ba. Na ce mai shi aikin ido yake so a yi masa.

"Wanda ke cikin hoton nan," in ji ta, "da ya biya na ido biyu, har a yi cefane da saura. Wannan kuwa, 'yata, in na saya sai dai don kada ku koma hannu biyu. Ba zai kai ku ko'ina ba."

"Ba ya dawowa?" Baba ya tambaya. Ban taɓa jin muryarsa ƙarama haka ba.

"Baƙin yana iya dawowa bayan ba mu. Abin da buroshi ya ci kuwa ya tafi."

Sai idonta ya sauka a kan gwangwanin biskit da ke kan cinyarsa. Ta ce ko akwai wasu da za ta duba. Baba ya ɗora hannu biyu a kan murfin ya danne. "A'a," ya ce. "Biskit ne."

Kunyar da na ji a lokacin ba ta misaltuwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage mu shige mu biyu da gwangwanin. Muka sauko benen nan kwabbai na kaɗawa a ciki kacau-kacau a kowane taki, kuma na san tana ji.

Ni da Baba muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka kusa gida ya fara lissafo mutane a hankali, kamar mai magana da kansa: mai kanti, matar mai wanki, malamin makarantar da ya kawo na kakansa a cikin auduga. Duk wanda ya taɓa kawo masa kwabo ya goge masa. Na ce masa ƙila nasu ba su da wata daraja tun asali. Ya ce, "Ƙila. Wa ya sani yanzu?"

Washegari Baba bai buɗe shago ba. Ya ce zazzaɓi. Mutumin da ya taɓa zuwa aiki da ƙafa a ɗaure, yau ga shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Mama ta taɓa goshinsa ta ce jikinsa ya fi nata sanyi. Baba Tela ya kira waya, Baba ya yi min alama da hannu in ce yana barci. Ya sake kira, na ce yana banɗaki. Ya aiko jikarsa da ayaba da saƙon cewa in Injiniya ya mutu a sanar da shi da wuri ya karɓe shagon. Baba ya ji saƙon daga ɗaki, ya ja bargo ya rufe kai. Ni kuma abin da ke ci na shi ne, duk safiyar da Baba ya kwanta, akwai wani tsoho can yana laluben ƙofar allura shi kaɗai.

Kwanaki suka ja a haka. Wata rana na shigo na tarar da wani wari a bayan ɗakin girki, irin na abin da ya lalace. Na bi shi har ƙarƙashin tankin ruwa, na sami gwangwanin madara an rufe shi gam an naɗe da leda. Ina buɗewa na kusa amai. Dafaffen ƙwai ne an murmushe shi, ga kwabon Baba Tela an jingine a kan ɗan tsinke a tsakiya. Ya yi duhu. Ba irin na da ba, amma ya yi.

"Rufe, za ki ɓata aikin," in ji Baba a bayana.

Ashe ya tuna fankokin da ake kawo masa daga gidajen kaji, yadda wayarsu ke yin baƙi saboda iskar wurin. Ya san abin da ke baƙanta jan ƙarfe kamar yadda ya san abin da ke haska shi.

"Baba, wannan ai wahalar banza ce. Matar nan kallo ɗaya za ta yi masa ta gane."

Bai kalle ni ba. "Ba ita zan kai wa ba."

Sai da na ɗan yi jim kafin maganar ta shige ni.  Na ce, "Baba Tela? Mutumin da ba ya gani?"

"To me kike so in ce masa? In ce na cinye maka idonka da buroshin haƙori?"

"Ka ce masa abin da ya faru. Kuskure ne, kowa na yi."

"Kuskure!" Ya ɗaga murya, abin da ba ya yi min. "Ce min ya yi kai ka san jan ƙarfe. A gabanki ya faɗa."

Na so in tuna masa wayar da yake karyawa a gaban mutane, amma na dubi fuskarsa na ga ya riga ni tunawa. Idonsa ya yi ja, gemunsa ya yi buzu-buzu. Na ajiye gwangwanin na bar wurin, raina a ɓace, ina jin haushinsa ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa.

Da ya shirya zuwa wurin Baba Tela, ya ce in raka shi. Na ce ba da ni za a yi wannan ba. Ya ce, "Uwata," bai ƙara komai ba. Na ɗauki mayafina.

Mun sami Baba Tela a kan kekensa, ba ya ɗinki. Allura a hannu ɗaya, zare a ɗaya, ya kai su dab da hancinsa yana ta soka iska. A gefensa tulin kayan mutane ne da bai taɓa ba. Ya ji takunmu ya ɗago.

"Injiniya? Ashe ba ka mutu ba. Ni har na fara sa wa shagonka kuɗin haya."

Baba bai rama ba. Ya karɓi allurar ya zura zaren, ya sunkuya ya zura na keken, sannan ya fito da ƙullin tsumman ya ɗora a tafin hannun abokinsa.

"To? Me ta ce?"

"Ta ce," Baba ya yi gyaran murya, "ta ce ba irin wanda suke nema ba ne."

Na kafa idona a kan guntayen yadin da ke ƙasa. 

 Na ga kafaɗun Baba Tela sun sauka. Ya kwance tsumman, ya shafa kwabon da yatsa, ya daɗe a haka. Sai kuma ya yi wata 'yar dariya.

"Wannan ne ya kwantar da kai? Don wannan ka bar ni ina ɗinka iska? Kai wallahi ka cika sa abu a rai. Laifinka ne in tsohuwa ta bar min abin banza? Ni ne ma zan ba ka haƙuri, na sa ka sa rigar kirki ka hau bene a banza." Ya miƙo hannu ya lalubo gwiwar Baba ya bubbuga. "Bar shi. Idon nan ya ga abin da zai gani."

Baba ya tsaya ƙiƙam, ko motsi.

"Amma tunda ba mai saye," in ji Baba Tela, "yi min abu ɗaya. Goge min shi irin naka. A baƙin nan ba na ganin komai. In yana walƙiya, ƙila idon nan ya kama wani abu kafin ya rufe." Ya miƙo kwabon.

 Ga ƙofa an buɗe wa Baba har bango. Ya karɓa kawai, ya goge, shi ke nan. Mai abu ne ya ce a goge, ba wanda zai taɓa sanin an riga an yi, ni kuma Baba ya san ba zan tona shi ba. Ya miƙa hannu. Na kalli yatsunsa, yatsun da ke naɗa waya mai sirantar gashi ba su taɓa kuskure ba. Suka tsaya a sama, ba su kai ga kwabon ba.

"Na riga na goge shi, Tela."

"Ka yi me?"

"Ranar da za mu tafi. Da safe. Na goge shi da toka."

Daga nan ya faɗi komai, a tsaye, hannuwansa a baya, kamar ɗalibi a gaban allo. Ya faɗi hoton, ya faɗi rigar da shekaru suka saka, ya faɗi 'yar alamar da buroshi ya ci. Har maganar da ya yi cewa matar ƙazama ce bai ɓoye ba. Baba Tela na saurare, fuskarsa na kallon wani wuri kusa da kafaɗar Baba.

"Da ya biya aikin?"

"Da ya biya."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

A waje wani mai mota na ta danna ham. Baba Tela ya juya kwabon a hannunsa, ya kai shi kusa da idonsa mai ɗan sauran gani, sannan ya kai shi hanci. Ya yamutsa fuska.

"To wannan baƙin fa? Da wannan warin?"

"Ƙwai ne. Na rufe shi da dafaffen ƙwai ya yi duhu."

"Ƙwai," in ji Baba Tela. Ya gyaɗa kai a hankali. "Gogewar nan halinka ne. Ko ni da na yi tunani da na san za ka yi, don kai ko gawa aka ba ka ajiya sai ka goge mata haƙora. Wannan ni da kai muka yi shi. Amma ƙwan nan, wa ka dafa wa?"

 Hawaye ya gangaro wa Baba ya shige cikin gemunsa.

"Kai," ya ce. "Kai na dafa wa."

Na yi zaton Baba Tela zai zage shi. Addu'a nake yi ma ya zage shi, ya kira shi duk sunan da ya ga dama, ya jefe shi da almakashi in ya so. Bai yi ba. Ya ajiye kwabon a bakin teburin keke, ya tura shi da ɗan yatsa zuwa ɓangaren Baba.

"A cire min shi."

Baba ya waiwaya yana neman abin aiki, babu. Ya durƙusa a ƙasa cikin guntayen yadi da rigarsa ta kirki, ya tsinci wani ƙyalle, ya fara murzawa. Baba Tela ya jawo wando ɗaya daga cikin tulin, ya lalubi inda ya yage, ya saita shi ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa a kan feda.

"Malam," ya ce, ba tare da ya juyo ba, "in an gama, a ajiye a kan teburin nan. Na gode da zaren."

Tun da na zo duniya ban taɓa jin ya yi wa Baba magana da ladabi ba sai ranar. Keken ya fara tafiya, Baba kuma ya ci gaba da murzawa, kansa a ƙasa.